Inda Zafin Yake Fita

Shekara goma sha tara ina aikin esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma abu na farko da ake koya wa mutum a sana'ar nan shi ne, esi ba ya kashe zafi. Kwashe shi yake yi daga ɗaki, ya kai wani wuri ya zubar. Duk sanyin da ka ji a falon wani, to akwai inda zafinsa yake fita. Na san wannan kamar yunwar cikina, shi ya sa ba ni da bakin cewa kuskure na yi a gidan da zan ba ku labarinsa. Idona biyu na yi abin da na yi, kuma har yau in hanya ta bi da ni ta layin, kau da kai nake yi.

Maigidan manaja ne a wani kamfanin motocin haya. Ya gama yi wa gidansa gyara ke nan: sabon fenti, sabon silin mai ado da fitilu, gaban gidan kuma an manna masa duwatsu masu sheƙi. Ya zaunar da ni a falo, matarsa na gefe riƙe da waya.

"Mai sanyi, shawara muke nema," in ji shi. "Wanne ya fi mana, babban nan na gida gaba ɗaya, ko na bango, ɗaki-ɗaki?"

Na ce sai na zaga tukuna. Na ɗauki tef ɗina na auna falo, na auna ɗakinsa, da na uwargida, da na 'yan matansu biyu. A ƙarshen baranda, bayan an wuce kicin, akwai wani ƙaramin ɗaki. Nan na tarar da mahaifiyarsa, wadda duk gidan suke kira Iya, zaune a bakin gado tana ɗinke aljihun rigar makarantar jikarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ɗakin taga ɗaya gare shi, tana kallon lungun da ke tsakanin bangon gidan da katanga, iska kuwa sai kaɗa labule take yi.

"Kai ne mai kawo sanyin?" ta ce tana dariya. "To ni ka ga nawa esin nan," ta nuna tagar da allura. "Ba ya shan wuta, ba ya neman makaniki."

Na koma falo na yi musu bayani dalla-dalla. Babban inji guda ne, a ɗora shi a saman gida, bututu ya bi ta cikin silin ya sauka a kowane ɗaki, har da na Iya. Amma sai an ɓalle wani sashe na silin, kuma ya fi nauyi a aljihu da farko. Na bango kuwa kowane ɗaki da nasa da rimot ɗinsa, ba a fasa komai sai 'yar huda. Sai dai kowanne yana da injinsa na waje, mai fitar da zafin, kuma dole a samo musu wuri mai sarari.

"Silin ɗin da aka gama jiya-jiya za a ɓalle?" in ji uwargida. "Haba dai. Kuma na karanta, babban nan in an kunna shi ko'ina yake sanyayawa, har inda ba a buƙata."

Manaja ya gyaɗa kai. "A sa na bango. Guda huɗu."

"Biyar, Yallaɓai," na ce. "Da na Iya."

"Iya ba ta son esi. Ka san tsofaffi, sanyi tayar musu da ciwon gwiwa yake yi." Daga inda yake zaune ya ɗaga murya. "Iya, ko a sa miki ne?"

Muryarta ta fito daga ƙarshen baranda. "A'a, ku dai ku sha. Ni fankata ta ishe ni."

Duk wanda uwa ta haifa ya san irin wannan a'a ɗin. Kawaici ne, irin wanda ake so a sake tambaya, a ɗan matsa, sannan a amsa. Ba a sake tambaya ba. Manaja ya buɗe hannu yana kallona, wato ka ji da kunnenka, ni kuma na rubuta huɗu a takardata.

Ranar aiki aka zo maganar inda za a kafa injinan waje. Na nuna bangon gaba, uwargida ta ce ba a kan duwatsunta ba. Na ce to a kai su sama, a yi musu mazauni na ƙarfe, a ƙara tsawon bututu. Manaja ya ce ba wanda zai taka masa sabon kwano ya jawo masa yoyo da damina. Sai ya ja ni muka zagaya baya, ya nuna min lungun nan.

"Ga wuri, ba mai gani."

Faɗin lungun bai fi taku ɗaya da rabi ba, tagar Iya kuma a tsakiyarsa take. Na dubi katanga, na dubi tagar.

"Yallaɓai, iskar za ta bugi katanga ta dawo."

"Injin zai lalace ne?"

"A'a, zai yi aiki. Sai dai…"

"To shi ke nan," ya ce, wayarsa ta yi ƙara, ya juya ya tafi.

Ban ƙarasa maganar ba, kuma ba don an toshe min baki ba. A kan teburin falo na ga katin wani mai sana'a irin tawa, na san in na cika gardama shi za a kira. Na ce wa raina ai gidansa ne, uwarsa ce, ina ruwan biri da gada. Na kafa tsani na fara huda bango, biyu a dama da tagar, biyu a hagu. Ina cikin yi sai ga hannu ya leƙo ta tagar da kofin ruwa.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Na karɓa na shanye tas. Da yamma na kunna su huɗun don gwaji, 'yan matan suna ta murna a ciki, ni kuma ina tsaye a lungu ina kallon labulen Iya ya bankaɗe ya shige ciki. Na kai hannu bakin tagar, na ji irin hucin da ke fitowa in an buɗe gaban motar da ta yi doguwar tafiya. Na naɗe wayoyina na tafi gida.

Sati uku tsakani uwargida ta kira ni, wai na ɗakinta yana ɗaukewa da kansa. Na zo da rana tsaka na zagaya lungu. Ashe kwali ne aka buɗe aka jingina a fuskar injin da ya fi kusa da tagar, aka ɗaure shi da ƙyallen tsohon zane. Injin ya rasa inda zai yi numfashi, ya yi zafi, shi ya sa yake kashe kansa. Na kwance kwalin na shigo da shi.

Uwargida ta karɓa ta nufi ɗakin ƙarshe, ina biye da ita. Iya tana zaune a ƙasa a kan tayil, ta jiƙa tawul ta ɗora a ka, wuyanta duk ƙuraje.

"Iya, ke kika sa wannan?"

"Ni ce. Cewa na yi ko zai ɗan karkatar da iskar."

"Wannan fa ba abin wasa ba ne. Da ya ƙone fa? Da gobara ta tashi fa, ga yara a gida?"

Iya ta juyo. Ni ta kalla ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗan nan, na ɓata maka aiki." Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Matar da na hura wa wuta a ɗaki, ita ce take ba ni haƙuri.

Na kira Manaja a waya daga bakin ƙofa, na ce gaskiya injinan nan sai an ɗauke su daga wurin. Ya ce yana cikin taro. Ya ce zafin nan wata biyu ne ya wuce, a bari ya sarara tukuna. Ya ce ai maganin abin da sauƙi, ta rufe tagar mana. Sannan ya ce tunda abin ya zama haka, in sa mai walda ya yi wa injinan keji, kada a sake taɓa su. Kuna tsammanin na ƙi? Ni na kai awo wurin mai walda, ni na ɗauko kejin, ni na ɗaure shi a bango na sa kwaɗo, na miƙa wa uwargida makulli.

Za ku ce me ya hana Iya fitowa falo ta sha sanyi da rana. Ni ma na tambaya, kuma ƙaramar jikarta ce ta ba ni amsa, ba tare da ta san me ta faɗa ba. Iya ta fito sau biyu ko uku. Amma tana shafa man zafi a gwiwa, ɗakin esi kuma a rufe yake, yana riƙe wari. In ta tashi sai a bi wurin da turaren fesawa. Ran nan ta dawo ɗaukar carbinta da ta manta, ta tarar ana fesawa. Tun daga ranar ba ta sake fitowa ba.

Bayan wata guda na koma wanke musu matatun ƙura. Da na gama na ciki, na je gaishe da Iya. Tagar a rufe take ruf, fanka tana juya iska mai zafi, ƙugin injina huɗu yana ratsa bango kamar an ajiye babbar mota a kunne a bayan ɗakin. Iya ta rame, ƙafafunta sun kumbura, kwandon ɗinkinta yana ƙarƙashin gado ya yi ƙura. Ta ce allurar ce take zame mata saboda gumi, kuma in ta sunkuya sai jiri ya kwashe ta.

"Ɗan nan," ta ce, "wai abin nan naku ba ya gajiya ne? Ko jaki ai yana hutawa."

Na yi yaƙe, na ce ana kashe su wani lokacin.

"Amma ka san yana da amfaninsa," ta ce. "Na gane muryar kowanne. In na ji na dama ɗin can ya tashi, na san ɗana ya dawo gida lafiya, sai hankalina ya kwanta."

Na sunkuyar da kai ina wasa da sukundireba. Na ce mata zan sake yi masa magana. Ta ɗaga hannu da sauri.

"Kada ka dame shi. Yana da abin da ke kansa. Ni kwana nawa ya rage min?"

To sai na yi mata alkawari. Na ce akwai wani gwangwani da ake lanƙwasawa a ɗaura a fuskar inji, ya tura iskar sama maimakon gefe. Ba zai kashe zafin duka ba, amma za ta iya buɗe tagarta. Aikin awa ɗaya ne, na ce, jibi zan kawo. Ta yi ta sa min albarka har na fita.

A bakin get na tare Manaja zai shiga mota. Na ce, "Yallaɓai, ɗakin Iya fa ba ya zaunuwa."

"Kai Mai sanyi, ka cika ƙari. Kullum da safe sai na shiga na gaishe ta, lafiya lau nake jin ɗakin."

"Da safe an kashe injinan, gari ma bai ɗau zafi ba. Ka shiga da rana ka ji."

"Da rana ina ofis." Ya buɗe ƙofar mota. "Kuma in akwai matsala ai za ta faɗa. Uwata ce fa. Ka fi ni saninta ne?"

Uwargida ta leƙo daga ɗaya gefen. "Ita fa ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Kai ne dai kake neman wani aikin."

Na ji tsoron a ce kwaɗayi ne ya sa nake nacin, sai na ja da baya na ce Allah ya kiyaye hanya. Gwangwanin kuwa na yanka shi washegari, na lanƙwasa, na huda masa ramukan kusa. Amma lokacin zafi ne, lokacin da mai aikin esi ba ya samun sukunin cin abinci a zaune. Wayata ba ta yin shiru. Jibi ta zama sati, sati ya zama uku, gwangwani yana jingine a bayan ƙofar shago. Kullum in na gan shi sai in ce gobe.

Maigadin layinsu ne ya gaya min, ran da na je wani aiki a maƙwabta. An tsinci Iya a ƙasa da la'asar, tsakanin gado da ƙofa, kofi a hannunta. A asibiti likita ya ce ruwan jikinta ya ƙare, ga jini ya hau. Kwana huɗu ta yi.

Na je ta'aziyya, don rashin zuwan ma wani abin kunyar ne. Falo ya cika da mutane, esi yana ta aiki. Ana cewa Iya ta yi dace da ɗa, ya riƙe ta har ƙarshe a gida irin wannan. Wani dattijo ya gyara zama ya ce kai, amma sanyin ɗakin nan da daɗi yake, wa ya yi aikin? Manaja, idonsa ja, ya nuna ni. "Ga shi nan, aikinsa ba ha'inci." Mutum uku suka karɓi lambata a wurin. Na ba su, na fita ko ruwan da aka ajiye min ban taɓa ba.

Bayan wata biyu Manaja ya sake kirana. Babbar 'yarsa tana shirin jarrabawa, za a mayar mata da ɗakin ƙarshe wurin karatu, ana so a sa na biyar. Ranar hutu ce, na iso wajen ƙarfe ɗaya na rana, kowa yana gida, duk huɗun suna aiki. Shi da kansa ya raka ni don ya nuna min inda yake so a kafa. Gadon yana nan, an naɗe katifa. Kafin mu kai tsakiyar ɗakin gumi ya karyo masa. Ya je ya tura tagar don ya sha iska, hucin nan ya doke shi a fuska, ya ja baya har ya yi karo da ni.

"Kai! Wannan ai gidan burodi ne," ya ce yana goge wuya. "Yarinyar nan ko minti goma ba za ta yi a nan ba. Wa zai iya zama a cikin…"

Bai ƙarasa ba. Ya dubi gadon, ya dubi tagar, ya dubi kejin da ke waje da kwaɗonsa. Sannan ya dube ni. Na so ya zage ni, ko ya ce me ya sa ban matsa masa ba, don in samu abin amsawa. Ya zauna a kan ƙarfen gadon, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya daɗe a haka bai tashi ba, kamar mai son ya auna da jikinsa. Daga baranda uwargida ta ɗaga murya, wai a rufe ƙofar ɗakin nan, zafi yana shigowa falo.

"A kwashe su," ya ce a hankali. "A kai su sama."

"Kwanon fa, Yallaɓai?"

"A taka."

Washegari na zo da sassafe. Na kwance kejin, na sauke injinan, na ƙara bututu, na hau da su sama na ɗaure, sannan na kafa na biyar ɗin. Aikin da aka yi wata da watanni ana cewa a bari tukuna, kafin ƙarfe ɗaya na gama shi, kwano kuma ko lotsawa bai yi ba. Da nake share lungun na tsinci ƙyallen zanen nan da Iya ta ɗaure kwali da shi, ya maƙale a ƙusa. Na kunna su biyar ɗin, na shiga ɗakin na buɗe tagar. Iska mai daɗi ta shigo tana kaɗa labule kamar ranar da na fara zuwa, sai dai ba kowa a bakin gadon.

Ba wanda ya doki Iya, ba wanda ya zage ta, ba a hana ta abinci ba. Kowa a gidan nan zai iya rantsuwa yana sonta, kuma ba zai yi kaffara ba. An dai fifita silin a kanta, an fifita duwatsun bango, an fifita kwano, ni kuma na fifita aikin kwana biyu. Muka fake da cewa ba ta yi ƙorafi ba, alhali mun san irinsu ba sa yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai ɗakin uwa ce mai kawaici, sai ka shiga da ƙafarka ka duba, kuma da rana tsaka, ba da sanyin safiya ba.

Yanzu duk gidan da aka kira ni aka ce wanne ya fi, babba ko na bango, nakan ce kowanne yana da kyau. Sai in ajiye tef in tambaya, mutum nawa ne suke kwana a gidan nan, kuma tagar wa take kallon baya? Wasu su amsa, wasu su ce ina ruwana, su kira wani. Ba na jin zafin hakan.

Gwangwanin nan yana nan a bayan ƙofar shago, da ramukan kusarsa guda huɗu. Sau biyu ana taya shi, ina cewa an riga an yi alkawarinsa.